Siririya

Shekara goma sha ɗaya ina wannan rumfa,
Farm Centre, layi na uku, jikin mai fura,
ni da sukuddireba da fitilar tebur,
ina buɗe cikin wayoyin mutane
kamar mahaucin da ya san mahaɗar kowane ƙashi.

Da can waya tana da baya.
Ka sa farce ka ɓalle murfi,
batiri ya faɗo maka a tafin hannu,
ka hura, ka goga a gefen riga, ka mayar,
ta farka ta ci gaba da sana'arta.

Jiya Sagiru ya zo daga Hotoro
riƙe da tasa da yatsu biyu.
"Malam Tasi'u, dubi kaurinta."
Na duba. Kaurin ne ban gani ba.
Kwalin ashana ya ninka ta biyu.
Na ce, to me ya kawo ta asibiti?

A aljihun baya ya sa ta,
ya hau adaidaita a Gyaɗi-gyaɗi,
rami ɗaya,
ta fito a tanƙware.
Ga lauje nan a fili, ko naɗi babu.

Mun taso ana ce mana
garin neman ƙiba ake samo rama.
Yau ramar ake bi da kuɗi,
har da bashi, har da sayar da babur.

Na ce, Sagiru, zauna ka ji yadda aka ramar da ita.
An rage mata tumbi,
shi ya sa kafin la'asar take suma.
An toshe ramin da kake sa abin kunne.
An cire ƙusoshi an shafa gam,
sai na gasa ta da iska mai zafi
kafin ta yarda ta buɗe min baki,
ina yi ina addu'ar kada gilashi ya tsage,
don kuɗinsa ya kai buhun shinkafa biyu.
Idon kamara kaɗai ya ƙi horon yunwa,
ya yi ƙusumbi a baya,
in ka ajiye ta a tebur sai ta yi ta ɗingishi.
A watan azumin bara, da rana ta take,
irinta na taɓa, na janye hannu
kamar na dafa tandar masa.

Ya zazzage jakarsa don neman rasit.
Rigar roba mai kauri.
Caja, da jela mai baki uku.
Fawabank kamar rabin bulo,
don unguwarsu wuta baƙuwa ce,
ta leƙo da tsakar dare, ta tafi kafin asuba.
Na tara su a hannu ɗaya na auna.
Duk abin da aka sauke mata
an ɗora wa kafaɗarsa.

Amma kada in yi ƙarya.
Da ya tafi, da kasuwa ta watse,
janareto ya yi shiru,
na ɗauko ta na ɗaga saitin fitila.
Kai, wanda ya ƙera ta ya iya.
Ta kwanta a yatsuna kamar ganyen zogale,
har na ji zuciyata na lissafi:
in na sayar da kaza, in na jinkirta kaza...
Kyan ɗan maciji, na ce, na rufe durowa.

Yau da safe ya dawo, ba ta gyaru ba.
Yana son ya kira mahaifiyarsa.
Na miƙa masa 'yar rakani-kashina,
mai ɗaure da kyauro,
wadda ta taɓa faɗawa kwata a Kurna
ta fito tana ringin.
Ya karɓa yana dariya,
ya ce, "Wannan ai dutse ce."

Tun ranar Talata rabonta da caji.
Bugu ɗaya aka ɗauka.